Aman yara bayan tiyata: rawar da iskar sa barci ke takawa, da lokacin da ya kamata iyaye su damu

A gundumar Madarumfa, yaron da ciwonsa ya kai ga tiyata yakan bi hanya mai matakai. Daga cibiyar lafiya ta CSI ta garinsu, a Gabi ne ko Safo ko Ɗan Isa ko Sarkin Yamma, a tura shi asibitin gunduma, in aikin babba ne kuma a wuce da shi Maraɗi. Duk tsawon wannan hanya tunanin iyaye ɗaya ne, wato a yi aikin lafiya yaro ya farka. To amma sau da yawa, bayan an fito da shi an yi hamdala, sai ya buɗe ido ya fara sheƙa amai. Nan take hankalin uwa ya tashi, ƴan dubiya kuma kowa da fassararsa. Wani ya ce aikin bai yi kyau ba, wata ta ce maganin barcin ne ya yi masa yawa, wata kuma ta ce yunwa ce, a dama masa fura.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan amai. Yana cikin matsalolin da aka fi gani bayan tiyata, kuma yara sun ninka manya wajen yin sa. Mafi yawansa, musamman wanda ke zuwa a sa'o'in farko, iskar da aka shaƙa wa yaro don ya yi barci ce ke haddasa shi, kuma yana wucewa da kansa. Ana iya hango shi tun kafin aiki a rage shi. Akwai kuma wani aman na daban wanda ba ruwansa da iska, wanda ganinsa ke nufin a nemi ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba.

Mece ce iskar sa barci?

A cikin kwalba, yawancin waɗannan magunguna ruwa ne. Na'urar da ke ɗakin tiyata ce ke mayar da su tururi, ta gauraya da iskar oksijin, a kai wa yaro ta abin rufe hanci da baki ko ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Daga huhu maganin ya shiga jini, daga jini ya isa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya yi barci mai nauyin da ba ya jin wuƙa ko allura. Idan an gama aiki aka rufe na'urar, mafi yawan maganin ta hanyar da ya shiga yake fita, wato yaro ya riƙa fitar da shi cikin numfashi har ya farka.

Tarihin wannan fanni tafe yake da amai tun farkonsa. Ranar 16 ga Oktoba 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna a gaban likitoci cewa ana iya sa mutum barci da tururin eta a yi masa aiki bai ji ba. Eta ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, sai dai ya yi ƙaurin suna wajen tayar da zuciya. A 1956 aka fara amfani da halotan a Ingila, wanda ya fi eta daɗin shaƙa kuma ba ya kama wuta. Saboda araharsa ya shafe shekaru da yawa yana aiki a asibitocin Afirka bayan ƙasashe masu arziki sun bar shi. Daga baya aka samu isofuluran, sannan sebofuluran wanda aka fara amfani da shi a Japan a 1990. Shi wannan na ƙarshen ba shi da wari mai shaƙe maƙogwaro, shi ya sa likitocin yara ke son sa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa su a asibiti ba. Akwai kuma wadda ake wa laƙabi da iskar dariya, da a kan haɗa da waɗancan don ƙara musu ƙarfi.

Sababbin magungunan sun fi tsofaffin saurin fita daga jiki, sun kuma fi su sauƙi ga zuciya da hanta, amma har yanzu ba su rabu da sa amai ba.

Ta yaya iskar ke jawo amai?

Mutane da yawa na ɗauka daga ciki amai ke tasowa. A gaskiya umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen da take haɗuwa da laka, akwai wani ɗan wuri da aikinsa shi ne ɗanɗana jini. Da zarar ya ji baƙon abu mai kama da guba, sai ya aika saƙo cewa a fitar da abin da ke ciki. Wannan tsari kariya ce da Allah ya yi wa ɗan Adam daga gurɓataccen abinci. Matsalar ita ce wurin ba ya bambanta guba da magani, don haka iskar sa barci da ke yawo a jini kan iya tayar da shi, ko da cikin yaron babu komai.

Wannan cibiya tana karɓar saƙo daga wasu wuraren ma. Tana ji daga hanji idan an taɓa shi ko jini ya zuba a tumbi. Tana ji daga cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, wanda shi ne ke sa wasu amai a mota. Zafin ciwo da tsoro su ma suna ƙara mata kuzari. Haka kuma magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin morfin da taramadol, suna tayar da ita kai tsaye.

Wani bincike da likita Christian Apfel da abokan aikinsa suka yi a Jamus, aka wallafa a 2002, ya bi diddigin yara da manya 1,180. Ya gano cewa iskar ce babbar sanadin aman da ke zuwa cikin sa'o'i 2 na farko bayan aiki, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana shaƙar ta, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Tsakanin nau'o'in iskar da aka gwada ba a ga wani bambanci ba. Aman da ke zuwa daga baya kuwa, bayan iskar ta bar jiki, wasu dalilai ne suka fi jawo shi, kamar maganin kashe zafi. Abin da wannan ke koya wa mai jinya shi ne ya lura da lokaci. Aman da ya zo da farkawa yana raguwa a hankali ya yi daidai da halin iskar. Wanda ya fara washegari, ko yake ƙaruwa, sai a nemi dalilinsa a wani wuri.

Wane yaro ya fi fuskantar matsalar?

A 2004 wani likitan Jamus, Leopold Eberhart, ya fitar da ma'auni mai sauƙi bayan nazarin yara 1,257. Ma'aunin ya ƙunshi abubuwa 4. Na farko, aikin ya kai minti 30 ko fiye. Na biyu, yaron ya kai shekara 3 ko fiye. Na uku, aikin na gyaran idon harara-garke ne. Na huɗu, yaron ya taɓa yin amai bayan tiyata, ko hakan ta taɓa faruwa da uwarsa, ubansa ko ɗan uwansa na jini. Yaron da ba shi da ko ɗaya, ko yake da guda ɗaya kacal, haɗarinsa kusan kashi 10 cikin 100 ne. Mai biyu kashi 30, mai uku kashi 55, mai duka huɗun kuwa kashi 70.

Jarirai da ƴan ƙasa da shekara 3 ba su cika yin wannan amai ba. Daga nan abin ke hawa har zuwa shekarun balaga, inda ƴan mata ke fara fin samari. Ban da aikin ido, cire ƙululun maƙogwaro da likitoci ke kira amigidal yana cikin ayyukan da suka fi sa amai, domin jini kan gangara ciki lokacin aikin, kuma tumbi ba ya son jini. Yaron da ke amai in ya shiga mota shi ma ana sa shi cikin masu haɗari.

Daga cikin waɗannan, akwai abin da babu na'urar da za ta nuna wa likita, sai iyaye sun faɗa da bakinsu. Matar da ta sha amai bayan an yi mata aikin haihuwa, ko mahaifin da hakan ta same shi bayan aikin gwaiwa, suna riƙe da labarin da zai sa mai sa barci ya canza shirinsa game da ɗansu.

Me ya sa ba a daina amfani da iskar ba?

Akwai hanyar sa barci ba tare da iska ba. Ana iya zuba wani farin magani mai kama da madara, furofofol, ta jijiya tun daga farkon aiki har ƙarshe, kuma an tabbatar yana rage amai. Amma yin hakan a jikin ƙaramin yaro na bukatar na'urar da ke tura maganin daidai gwargwado, da wutar lantarki marar yankewa, da ma'aikacin da ya saba da ita. Ban da haka, kama jijiyar yaro mai kuka da fizge-fizge ba ƙaramin aiki ba ne, balle in ya rame ko ruwan jikinsa ya ragu. Da abin rufe hanci kuwa, cikin minti ɗaya ko biyu ya yi barci, sannan a nemi jijiyar a natse. Ketamin, allurar da ake yawan amfani da ita a asibitocin da kayan aiki suka yi ƙaranci, tana da nata amfanin domin ba ta cika danne numfashi ba, amma ita ma tana iya sa amai da dalalar miyau da surutai wajen farkawa.

Saboda haka abin da masu sa barci ke yi shi ne rage haɗarin ta fuskoki da dama. Magunguna biyu ne aka fi ba yara don rigakafin amai, ondansetoron da dekzametazon, ta jijiya yaro yana barci, kuma haɗa su ya fi ba da ɗaya. Wani babban gwaji da aka yi a Turai kan manya fiye da 5,000, aka wallafa a 2004, ya nuna kowane ɗaya daga cikinsu na rage haɗarin da kusan kashi 26 cikin 100, furofofol da kashi 19, barin iskar dariya kuma da kashi 12. Sauran dabarun sun haɗa da isasshen ƙarin ruwa lokacin aiki, da amfani da farasitamol, da allurar kashe wurin da aka yanka ko ta ƙasan baya, domin a rage bukatar dangin morfin. Duk da haka babu dabarar da ke kawar da amai ɗungurungum. Yaro na iya samun duk wannan kulawa kuma ya yi amai sau ɗaya ko biyu, ba tare da an yi kuskure a aikinsa ba.

Kafin aiki: hana abinci da faɗin gaskiya

Aman da ya fi haɗari shi ne wanda ke zuwa yaro yana cikin barcin magani. A farke, in abu ya nufi hanyar iska mutum kan yi tari ya kore shi. Maganin barci yana kashe wannan kariya, ta yadda abin da ya taso daga ciki zai iya gangarawa huhu, ruwan tumbi mai tsami ya ƙone shi, abinci kuma ya toshe hanya. Dalilin hana cin abinci kafin tiyata ke nan.

Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce sa'o'i 6 ga abinci da madarar da ba ta uwa ba, sa'o'i 4 ga nonon uwa, sa'o'i 2 ga ruwa garai. A 2018 ƙungiyoyin masu sa yara barci na Birtaniya da Turai da na ƙasashe masu magana da Faransanci sun amince a rage na ruwa garai zuwa sa'a ɗaya. Kowane asibiti na da tsarinsa, kuma abin da mai sa barci ya faɗa shi za a bi. Abin lura a nan shi ne ma'anar ruwa garai, wato wanda ake ganin gindin kofi ta cikinsa. Fura, kunu, koko, nono da shayi mai madara duk abinci ne a wajen likita, ko da an tsinka su. Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, shi ma abinci ne mai nauyi. Jiƙo ko wani maganin gida bai kamata a ba yaro ba a wannan lokaci, ruwan rubutu ma a tambayi ma'aikaci lokacin da ya dace.

Yaro mai jin yunwa yana kuka, kuma tausayi kan sa kaka ko gwaggo ta ɗan ba shi wani abu a ɓoye. In hakan ta faru, a faɗa kafin a shiga da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗaga aiki da ƴan sa'o'i ko zuwa washegari ya fi a shiga da yaro da cikakken ciki. A ɗaya ɓangaren kuma, wuce gona da iri wajen hana ruwa na da illa. Yaron da aka hana ko kurɓi tun daren jiya har azahar, a zafin Afirilu ko Mayu, zai shiga aiki a galabaice, ga ƙarancin sukari a jini. Idan aka ga layi ya yi tsawo, iyaye na da damar tambaya ko za a iya ba shi ruwa.

Sauran abin da ya kamata a faɗa wa mai sa barci ya haɗa da mura ko tari ko zazzaɓi a kwanakin nan, duk maganin da yaron ke sha na asibiti ko na gargajiya, ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya, da kuma in wani a dangi ya taɓa samun mummunar matsala da maganin barci.

Bayan yaro ya farka

Muddin magagin barci bai sake shi ba, a kwantar da shi a kan gefe, ta yadda in amai ya zo zai fita waje. Kada a ɗura masa komai yana layi. Kada a yi ta ɗaga shi ana jijjigawa ko ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, domin motsi na tayar da zuciya, haka ma ƙamshin turare da na soyayyen abinci a ɗakin jinya.

In ya wartsake kuma ma'aikata sun ba da izini, a fara da ruwa cokali-cokali. Ya riƙe, a ƙara. Ya amayar, a dakata kamar rabin sa'a a sake gwadawa. Tilasta wa yaro sha kafin ya nema na ƙara amai, don haka a bari ƙishirwa ta zo da kanta. Jariri kan koma nono da zarar ya farka sosai. Wanda aka yi wa aiki a hanji kuwa, kamar hujewar hanji da zazzaɓin taifot ke haddasawa, dokarsa daban ce. Ba ya cin komai sai likita ya ce hanjin ya fara motsi, kuma bututun da aka sa masa ta hanci yana nan ne don ya zuƙe ruwan ciki, kada a cire shi don yaro ya yi kuka.

Kada a sayi maganin amai wajen ƴan tebur ko masu yawo da magani a kasuwa. Wanda aka sani da sunan Primpéran yana iya sa wuyan yaro ya ƙage, idanunsa su juye sama, harshe ya fito, abin da wasu ke ɗauka iskokai ne. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da shi ga jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ta kuma taƙaita amfani da shi ga sauran yara. Taramadol na ƙara amai kuma yana iya danne numfashin yaro. Asfirin kuma na iya sa wurin aiki ya yi jini.

Aman da ba na iska ba

Aman iska ruwa-ruwa ne ko kumfa, wani lokaci da ɗan rawaya, yana zuwa sau ɗaya zuwa uku, tsakaninsu yaro na samun sauƙi, kuma yawanci kafin kwana ɗaya ya wuce. A kira ma'aikaci nan take, ko a koma asibiti in an riga an tafi gida, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Amai kore shar kamar ruwan ganye, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yaro ya daina tusa da bayan gida, domin hanji na iya toshewa. Jan jini a cikin amai, ko yaron da aka yi wa aikin maƙogwaro yana ta haɗiyar miyau ba ƙaƙƙautawa, alamar jini na zuba a ciki. Numfashi sama-sama, tari mai yawa ko leɓe ya yi duhu bayan amai. Zazzaɓi, barcin da ba a iya tayar da shi, ko jijjiga. Rashin fitsari na sa'o'i 6 zuwa 8, bushewar baki, faɗawar ido ko maɗigar jariri. Haka nan aman da ya hana yaro riƙe ko ruwa, ko ya zarce kwana ɗaya.

Iri biyu na yara na bukatar a fi gaggauta musu. Na farko mai tamowa, ciwon da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana tallafa wa kula da yara a gundumar Madarumfa. Irin wannan yaro ba shi da ajiyar ruwa ko sukari a jiki, amai kaɗan kan kayar da shi. Na biyu mai sikila, wanda ƙarancin ruwa ke tayar masa da ciwon ƙashi. A lokacin damina da kaka kuma, a tuna cewa zazzaɓin cizon sauro na iya kama yaron da aka yi wa aiki kamar kowane yaro, kuma amai na cikin alamominsa. Gwajin jini na ƴan mintoci ne ke raba gardama.

Ga mutanen ƙauyukan gundumar, hanya ma abin lissafi ce. Tsakanin garin Madarumfa da Maraɗi tafiyar ba ta da nisa sosai, amma wanda zai ƙarasa ƙauye a kan babur ko amalanke, kan hanyar burji ko yashi, girgizar kaɗai ta isa ta dawo da aman da ya lafa. In an sallami yaro ranar da aka yi masa aiki, gara a kwana wajen ƴan uwa kusa da asibiti a kama hanya da sanyin safiya. Kafin a fita, a tambayi ma'aikaci yaushe yaron zai ci abinci, wane magani za a ba shi in zafi ya taso, da wace cibiyar lafiya za a nufa in dare ya yi abu ya rikice. Takardar sallama kuma a adana ta, domin ita ce za ta gaya wa ma'aikacin CSI irin aikin da aka yi da magungunan da aka bayar.